Kekuna a Dangwalin Adda

Shekara guda cur Ummusalma tana mafarkin keken Mannir. A mafarkin, keken yana tafiya shi kaɗai bisa hanyar Kusada, ba kowa a sirdi, feda na juyawa a hankali, dawa na sunkuya mishi hagu da dama. Takan bi shi da gudu tana kira, shi kuwa sai ƙara nisa yake, har ya zama ɗan ɗigo a bakin sama. Sai ta farka da ɗacin baki.

Asalin abin kuwa shi ne hawan kaka. Kowace shekara, idan gero ya shiga rumbu, ƙungiyar masu keke takan taso daga Kankia zuwa Kusada, mutum arba'in ko fiye, malamai da 'yan kasuwa da manoma, kowa sanye da anko: koriyar riga da hula. A garin Boko ake yada zango a yi Azahar. Bara ce shekarar farko da mata suka shiga, su huɗu, kuma Ummusalma, malamar lissafi a makarantar 'yan mata, ita ta yi ta naci har aka yarda. Da maza suka shiga masallaci, sauran matan suka shiga wani gida yin tasu sallar, ita aka bari gindin bishiyar bedi da kekuna.

Sai ga wani dattijo mai furfura, cikin anko kamar kowa. Ya gaishe ta da kyau, ya ce an kira shi gida, ya kama keke ya hau. Ta ji wani abu a ranta, amma bakinta ya ƙi buɗewa. A gidansu ba a koya mata tsayar da sa'an mahaifinta ta ce masa, naka ne? Har "a sauka lafiya, Baba" ta yi masa. Ashe ɓarawo ne, keken Mannir ya tafi da shi. Yadin ankon kuwa kowa na iya yankowa a kasuwar Kankia.

Tun ranar sunanta ya koma A-sauka-lafiya. Mannir, mai gyaran waya a bakin tasha, shi ya raɗa mata, 'yan acaɓa suka ɗauka. Ba ta canza hanya ba. Kullum da safe ta gaban shagonsa take wucewa a kan baƙin keken marigayi babanta, wando ƙarƙashin hijabi, kai a miƙe.

Da hawan bana ya matso, shugaban ƙungiya, Alhaji Sharafaddeen, ya kira ta zaurensa.

"Malama, mutane na magana. Wasu sun ce a bar mata su huta."

"Alhaji, a sake ba ni tsaron."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Ke ɗin?"

"Ni na ɓatar, ni zan tsare."

"To, ki ji da kyau. Ko bawul ɗin taya ya ɓata, ke da ƙawayenki kun gama hawa. Ba zan iya sake tare miki ba."

"Na ji, na yarda."

Ranar Asabar ta tafi Bauranya wurin kakarta Adda. Shanun Adda sun ƙare tun Ummusalma na firamare, amma tsohuwar ba ta yar da dangwalinta ba, doguwar igiyar nan mai hannuwa da ake jera maruƙa a ɗaure. Tana rataye a ɗaka, ta yi baƙi, har yanzu da ɗan ƙanshin nono da hayaƙi. Ummusalma ta sauko da ita ta shinshina, sai ta ga kanta ƙarama, tsugune da ƙwarya da sassafe, maruƙa na hura mata ɗumi a wuya.

"Mi za ki yi da ita?" in ji Adda. "Ko kin samu miji mai shanu ban sani ba?"

"Kekuna zan ɗaure, Adda."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Da ta ji labarin duka, ta ce, "Ɗiyar nan, igiya ba ta tsare komi. Jeri ke tsarewa. Babban maraƙi a kai, ƙarami a wutsiya, kowa da gurbinai. Ko ido rufe na shafa, na san wa ke nan, wa babu."

Suka zauna har la'asar suna ƙara tsawon igiyar da rama, Adda na ƙulla hannuwa, jikarta na riƙe mata.

Ranar hawa gari ya waye fes. Suka bar Kankia rana na ɗagowa, tayoyi na raɗa a kan kwalta. Ummusalma na can baya da dangwali naɗe a kariyar kekenta. Gonaki suka yi ta wucewa kamar ana janye su: damman gero a jingine, mata na roron wake, balbelu bisa bayan shanu. Ta daina jin ƙafafunta. Korayen rigunan da ke gabanta suka narke suka zama ruwa guda mai gangara, ita kuma ganye a kansa. Har ta ji kamar tarin babanta a bayanta, irin wanda yakan yi in za su hau tudu, tana zaune a kariyar nan tana riƙe da rigarsa.

A Boko ta kafa turke biyu gindin bedin bara, ta miƙe igiyar.

"Kowa ya kawo kekensa. Babba a kai, ƙarami a wutsiya."

"Iko sai Allah," in ji Mannir, yana shafa sabon kekensa ja mai giya. "A-sauka-lafiya ta mai da mu maruƙa. Sai yaushe za a tatsa, Malama?"

"Kai dai matsa can ƙasa, auta."

"Reza ɗaya ta gama da igiyar nan."

"Kawo keken, Mannir, ana kiran salla."

Jerin ya ɗauki lokaci, don gardama ta tashi. Ummaru mai shayi da Ɗalha tela, abokan juna tun yarinta, kowa ya rantse ya girmi ɗan'uwansa.

"Ranar sunanka ina cin tuwo da hannuna!" in ji Ɗalha.

"Ƙarya kake, tela. Shekarar da aka haife ka ni na kai wa babarka itace."

Sai da Alhaji Sharafaddeen ya raba, ya sa Ummaru gaba, Ɗalha ya bi yana gunaguni. Kafin a gama, kowa ya san wanda ke damansa da wanda ke hagunsa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana zura hannun igiya a ƙarfen gaba tana ƙullewa. Keken Alhaji ne a kai. Na Mannir na biyun ƙarshe.

Aka shiga masallaci. Garin ya yi tsit, sai kurciya. Ta zauna bisa tushen bedi da bakin igiyar naɗe a hannunta. Inuwar ganye na yawo a kan sirduna, zafi na rawa a kan hanya. Idonta ya yi nauyi. Kekunan suka fara numfashi, cikinsu na tashi yana sauka. Na Ummaru ya kaɗa kunne, na Alhaji ya juyo yana tuƙa. Daga nesa ta ji muryar Adda tana kiran shanu da sunayensu.

"Salamu alaikum, 'yata."

Ta buɗe ido. Dattijo ne cikin koriyar riga da hula, gemu fari tas. Ko na bara ne, ko wani ne, ba za ta iya rantsewa ba. Fuskar bara ta daɗe da narkewa cikin mafarki.

"Wa alaikumus salam, Baba. Sannu da rana."

"Yawwa, Allah ya yi miki albarka. Waya aka yi mini, iyali ba lafiya. Bari in yi gaba."

Ya wuce kan jerin bai ko kalla ba. Ya wuce tsakiya. Ya gangara har wutsiya, ya dafa jan keken Mannir.

Kunyar nan ta bara ta taso mata, nauyinta bai ragu ko kaɗan ba. Amma bana ba sai ta ce wa dattijo maƙaryaci ba. Ta miƙe.

"Baba, ai nan wurin yara ne. Naku na can sama. Wa ke damanka?"

"Me?"

"Da aka jera ɗazu. Wa ka girma, wa ya girme ka?"

Ya yi murmushi. "Ke 'yar wace ce? Haka aka koya miki magana da manya?"

"'Yar Malam Dalhatu ce, Allah ya jiƙansa. Faɗa mini sunan na kusa da kai, in kwance maka da hannuna."

"Kul, yarinya. Na haifi wadda ta fi ki."

Ya juya mata baya ya sunkuya. Ta ga ɗan ƙyalli tsakanin yatsunsa. Ta ƙara naɗa igiyar a hannu, ta kafa ƙafa, ta fizga da duk ƙarfinta.

Turken kai ya tumɓuke. Keken Alhaji ya faɗa kan na kusa da shi, wannan ya faɗa kan na gaba, haka har ƙasa, ƙarfe na dukan ƙarfe, ƙararrawa na kuka, kamar garke ya firgita. Kurciyoyi suka watse. Dattijon ya yi tsalle baya, hularsa ta faɗi. Ya dube ta sau ɗaya, ya tattare riga, ya shige gonar dawa. Karan suka rufe bayansa.

Ana sallamewa maza suka fito a guje, wasu takalmi a hannu.

"Wayyo fentina!" Mannir ya durƙusa gaban kekensa. "Dubi yadda ta ƙarje min shi! Alhaji, ka gani ko? Na faɗa muku!"

Tafin hannun Ummusalma ya saɓule, jini na tsattsafowa, ta dunƙule shi cikin hijabi. Alhaji Sharafaddeen ya bi jerin a hankali yana duba kowane gurbi. A wutsiya ya tsaya. Ya ɗauki hular da ke ƙasa, ya duba kawunan mutanensa, kowa da tasa. Sannan ya ɗaga hannun igiyar da ke jikin jan keken: an yanka shi ya wuce rabi, reza na kwance cikin ƙasa.

Ya miƙa wa Mannir rezar. "Ga abin da ka ce zai gama da igiya."

Mannir ya juya ta a hannu.

"Akwai wanda bai ga kekensa ba?" in ji Alhaji.

Babu.

"Nawa dai ya karkace," in ji Ɗalha. "Da an sa ni inda ya kamata, gaban Ummaru, da bai same ni ba."

Aka fashe da dariya. Alhaji ya juyo wurinta. "Malama, je ki yi sallarki, ni zan riƙe igiyar. Baɗi kuma a ƙara mata tsawo. Na ji 'yan makarantarku na son shiga."

Da ta fito, an ɗaga kekuna, amma ba wanda ya taɓa ƙulli. Suna tsaye suna jiran ta. Ta fara daga kai tana kwancewa. Da ta iso wutsiya, Mannir na kallon ƙasa.

"Malama Ummusalma," ya ce, "hannunki na jini."

"Na sani. Riƙe kekenka."

Ta naɗe dangwalin ta ɗaure a kariya. Suka kama hanyar Kusada rana ta karkata. Can gabanta jan keken Mannir ke tafiya tsakanin dawa, yana ƙanƙancewa kamar yadda na bara ya saba yi mata a mafarki, sai dai yau da mutum a sirdinsa, yana fama da kan keken da ya karkace. Ta taka feda, ta kamo shi, ta wuce.