Karo-karon da aka yi wa Ɗan Gayu

A kamfanin buga takardun da yake aiki Ɗan Gayu ake ce masa, kuma sunan bai zo a banza ba. Shi ne mai zane a kwamfuta, shi ke tsara kalanda da katin gayyata da allunan talla kafin a tura wa masu inji. Albashi na shiga za ka gan shi da sabon takalmi. Da rana ba ya cin abinci sai a gidan abincin da ke tsallaken titi, in kuma ka yi sa'a kuka haɗu a ƙofa, kai ma ka ci. Kafin tsakiyar wata aljihu ya yi fayau, ya koma zare ido.

Shi da matarsa sun sha zama su yanka wa komai kasonsa: kaza na cefane, kaza na mota, kaza na makarantar yara. Kafin a cinye mako tsarin ya rushe, a ƙare da cacar baki. Ran nan suna karyawa ta ce masa:

"Abban yara, ni na haƙura da lissafin nan, ba jininka ba ne. Abu ɗaya nake roƙo. Duk abin da ka gani ya burge ka, ka bar shi ya kwana. In gari ya waye kana son sa, ka koma ka saya."

Ya yi dariya ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Abin mamaki, yawancin abubuwan in suka kwana sai ya ji sun fita daga ransa. Daga nan sauran suka biyo baya ba tare da an shirya ba. Ta fara zuba masa abinci a kula, ya riƙa cika gorar ruwa daga gida. Ya daina hawa mota ta biyu, yana taka ragowar hanyar da ƙafa. Takalminsa ya buɗe baki, maimakon shago sai ya kai wa mai gyara. Abin da ya rage a aljihu da yamma, kaɗan ko da yawa, ya miƙa mata ta ajiye, ba ya ma tambaya.

Matsalar ɗaya ce: kunya yake ji a san yana tattali. Mutumin da ya saba biya wa jama'a, yau a ce ya zama maƙo? Don haka kular a ƙasan jaka yake ɓoye ta, in lokacin cin abinci ya yi ya sulale ɗakin ajiyar takardu, ya zauna kan kwali ya ci a gurguje. In abokan aiki suka ce ya zo a tsallaka titi, ya ce ba ya jin yunwa. Mai karɓar kuɗi, wadda kowa ke kira Anti, ta taɓa tare shi a baranda.

"Ƙanina, lafiya kuwa? Kwana biyu ka canza."

Ya sosa ƙeya ya ce, "Sai a hankali, Anti. Kin san yanayi."

Ta dube shi, ta dubi ɗinkin da ke bakin takalminsa, ta gyaɗa kai ta wuce. Shi a ganinsa ya rufe zancen ke nan.

Watanni suka tafi. Wata Asabar matarsa ta gaya masa abin da ya taru, sai da ya sa ta maimaita. Ya isa sayen babur, na hannu amma mai lafiya, wanda wani maƙwabcinsu zai sayar. Suka biya, aka turo shi cikin gida, yara suka yi ta hawa suna danna hon. Ya shirya ran Litinin zai shiga da shi wurin aiki, sai aka wayi gari da ruwan sama, ya bar shi a gida ya tafi a mota.

A ranar ce aka kira shi ɗakin inji. Ya tarar an kashe injuna, kowa na tsaye: masu yankan takarda, masu ɗaurin littafi, direba, mai gadi, da Anti. Tsohon da ya fi kowa daɗewa a kamfanin, wanda ake kira Baba, ya gyara murya.

"Ɗana, mun ga halin da kake ciki. Ba sai ka faɗa ba, namiji ba ya faɗa. Lokacin da kake da shi ba ka hana kowa ba. Ga wannan, ba yawa, 'yan'uwanka ne suka yi karo-karo. Ka sayi abin da ya sawwaƙa, Allah ya kawo mafita."

Ya danƙa masa ambulan. Ɗan Gayu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a fuska. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga Anti tana share ido da gefen mayafi, mai gadi kuma yana ta gyaɗa masa kai. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Na gode. Allah ya saka da alheri." Aka ce amin, aka tayar da injuna.

Da ya isa gida ya ajiye ambulan a kan tebur ya ba matarsa labari. Ta fara dariya har da riƙe ciki, sai ta ga fuskarsa, ta tsaya.

"Wai da gaske ka karɓa?"

"To ya zan yi? Kowa na kallo na."

"Gobe ka mayar musu. Har mai gadi fa ka ce ya sa hannu. Nawa yake ɗauka?"

"Zan mayar. Bari dai in samu yadda zan faɗa."

Washegari bai samu yadda zai faɗa ba. Jibi ma haka. Ambulan na cikin jakarsa, bai taɓa ko kwabo ba, amma kullum nauyinsa ƙaruwa yake. Babur kuwa ya zama abin ɓoyo. Zai hau shi har kusa da kamfanin, ya shiga wani lungu da ke bayan kantin magani, ya kafe shi wurin mai faci, ya cusa hular kwano a buhu, sannan ya ƙarasa da ƙafa. A wurin aiki tausayi ya ƙaru. Direba ya ce zai riƙa rage masa hanya. Anti ta fara zuwa da abinci na mutum biyu, ta ajiye masa nasa a gefen kwamfuta. Shi kuma ya zauna ya ci.

Wata yamma an tashi, ya shiga lungun ya hau babur ya tayar. Yana ɗago kai ya ga Anti a ƙofar kantin magani, riƙe da leda. Ta dubi babur, ta dube shi.

"Na waye wannan?"

Ƙarya ta zo har bakinsa, zai ce na maƙwabci ne ya ara. Mai faci ya riga shi.

"Nasa ne mana! Ai kullum nan yake ajiyewa. Oga ya yi sabon ƙarfe."

Anti ta ce, "Allah ya sanya alheri," ta juya. Ya kashe babur ya bi ta da sauri.

"Anti, don Allah ki tsaya. Wallahi ba kuɗinku ba ne. Ga ambulan ɗin nan ko buɗewa ban yi ba. Ni ba abin da ya same ni, tattali kawai nake yi, kunyar faɗa ce ta hana ni."

"Tattali," ta ce. "Ka san abin da na sa a ciki? Kuɗin gilashin idona ne. Na ce bari in ƙara lallaɓa tsohon, tunda ƙanina ko abincin rana ba ya iya saya." Ba ta ɗaga murya ba. "Da ka ce min tattali kake yi, da ni zan fara yaba maka. Amma ka zauna kana cin abincina kana kallo na."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ta tsayar da mota ta shige.

Da safe ya shigo da babur har harabar kamfanin, ya kafe shi inda kowa zai gani. Ya wuce ɗakin inji ya roƙi Baba ya tara mutane. Bai iya jera magana da kyau ba, yana yi yana kame-kame, amma ya faɗi komai, har da cin abinci a kan kwali. Ya miƙa ambulan da hannu biyu.

Direba ne ya fara fashewa da dariya. "Kai amma Ɗan Gayu ka cuce mu! Ashe mu ne abin tausayin!" Masu yankan takarda suka ɗauka. Baba bai yi dariya ba. Ya juya ambulan a hannunsa ya ce:

"Ɗana, ajiye kuɗi ba abin kunya ba ne. Shirun da ka yi bayan mun ba ka, shi ne bai yi kyau ba. Ka je ka ba yayarka haƙuri, ita ta zaga ta tara wannan."

Ba a rubuta wanda ya ba da kaza ba, don haka Baba ya ce kowa ya zo ya faɗi nasa ya karɓa. Mai gadi ya karɓa, Anti ma ta karɓa ba tare da ta kalli kowa ba. Wasu suka ce abin da suka bayar sun bayar, ba sa karɓar kyauta a mayar. Da ragowar aka sayi fanka aka kafa a ɗakin inji.

Ɗan Gayu ya je teburin Anti ya ba ta haƙuri, ta ce komai ya wuce. Amma an ɗau lokaci gaisuwa kawai ke haɗa su, kuma ta daina ce masa ƙanina, sai dai mai zane. Bai daina tattalinsa ba, matarsa ma ba za ta bari ba. Sai dai duk lokacin da aiki ya kai shi ɗakin inji, masu yankan takarda su ce ya matso ya sha iska tunda fankarsa ce, yakan ajiye abin da ya kawo ya fita da sauri.