Ranar da Manzo Bai Kaɗa Ba

A Babankatami ba wanda ya taɓa ganin Iro ya shiga fili bai ji takensa ba. Ɗan kokawa ne, amma baiwar da Allah ya yi masa a ƙafa take: in zomo ya tashi a gabansa, to a hura wuta kawai. Makaɗinsa Manzo ne, dattijo mai saurin fushi da saurin hucewa, wanda ya yi wa uban Iro kiɗa kafin ya yi wa ɗan. Iro yakan tsaya a bakin fili, ya karkata kai yana saurare, sai gangar Manzo ta kira sunansa sannan ya motsa. Haka ake yi a Adar, ba shi ya fara ba.

Gab da yaƙin Jamus, Nasara suka tashi neman masu gudu da tsalle da jifan mashi. Kumandan, Baturen mulkin Madawa, ya tara samari, aka ja layi a ƙasa, Manzo ya kaɗa, Iro ya bar su a baya kamar an ɗaure su. Sai aka ce za a tara zaɓaɓɓun ƙasar Nijar a Yamai a sake tacewa, waɗanda suka rage su wuce Dakar su kara da mutanen Sanigal da Bamako da Dahome.

Ranar tafiya Manzo ya rataya gangarsa, ya riga kowa hawa motar. Gardi, ɗan sandan kumandan, ya sauko da shi.

"Kumandan ya ce ƙahwahu aka so, ba ganga ba," in ji gardin.

Manzo ya zazzaga masa abin da ba ya maimaituwa, amma motar ba ta fasa tashi ba. Iro ya leƙo, fuskarsa duk ta canza.

"Baba Manzo, ƙaƙa zan shiga hili ba ka nan?"

"Ranar da za ka shiga, zan kaɗa maka daga gida," in ji Manzo, yana bin motar. "Ka karkata kai yadda kas saba. Za ka jiya."

Sai da ƙura ta kwanta ya lura da girman abin da ya ɗauka. Bai san ranar ba.

Kowace ranar kasuwa ya dinga takawa zuwa Madawa, ya zauna a ƙofar ofishin kumandan har tafinta ya fito. Tafintan mutumin kirki ne, sai dai labarin da waya ke kawo masa kullum na abin da ya riga ya wuce ne. Ba ta taɓa cewa gobe za a yi, sai dai ta ce an yi. Manzo ya ga in ya biye wa waya zai zama maƙaryaci, sai ya yanke shawara irin tasa: tunda bai san ranar ba, zai kaɗa kullum.

Kowane hantsi sai ya fita bakin gari, gindin wata tsohuwar aduwa, ya fuskanci yamma ya kaɗa taken Iro har hannunsa ya gaji. Da farko mutane suna taruwa. Daga baya suka fara tsokana, suna tambaya ko aduwar ta yi nasara yau. Matarsa Cima ta ce ko awakin garin sun haddace taken. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa gajiya ba, Zara, mahaifiyar Iro. Takan zo da ƙwaryar fura ta ajiye masa, ta zauna nesa kaɗan ta juya baya, don ba ya kyautuwa a ga uwa tana rawar jiki a kan ɗan fari. In ya gama sai ta ce, "Sannu, Manzo. Ya jiya," ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Labari ya zo daga Yamai cewa Iro ya wuce kowa, shi da wani Tanko na Garhanga, mai jifan mashi, suna cikin waɗanda za su tsaya wa Nijar a Dakar. Ranar nan masu tsokana suka yi tsit, Manzo kuwa ya zaga kasuwa yana tambayar kowa lafiyar aduwa. Tafinta ya ce a ganinsa babbar karawar sai bayan Sallar Layya.

Zara ba ta kai Sallar ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita kwana kaɗan, da safiyar jajibiri Allah ya karɓi abarsa. Manzo ya riga ya rataya ganga zai fita sai ya ji kuka daga gidan su Iro.

Aka yi wanka, aka sallace ta, aka kai ta. Da suka dawo hantsi ya yi, an shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gidan su Iro. Manzo ya shiga ɗakinsa ya tsaya a gaban gangar, ya ɗora tafinsa a kan fatar. Ba wanda ya hana shi, ba a ma bukatar a hana. Ba a kiɗa a gari alhali ƙasar kabari ba ta bushe ba, balle taken ɗan mamaciyar. Amma ya yi alkawari, kuma wadda aka binne ita ce kaɗai ta yarda da alkawarin nan.

"Malam," in ji Cima daga bakin ƙofa, a hankali, "mutane suna jiranka bisa tabarma."

Ya sauko da gangar kamar zai fita. Sannan ya mayar da gangar a maratayinta, ya fita ya zauna cikin masu gaisuwa. Ya riƙa faɗa wa zuciyarsa cewa ai tafinta ya ce sai bayan Salla. Zuciyar ba ta kwanta ba.

Da aka tashi daga makoki ya koma gindin aduwa, yanzu ba fura, ba mai cewa sannu. Ranar kasuwa ya je Madawa. Tafinta ya ce waya ta zo: an yi karawar Dakar, Nijar ta ci jifan mashi, a gudu kuwa ba ta samu komai ba.

"Iro hwa?"

"Baba, waya ba ta hwaɗin sunan wanda bai ci ba."

Sai gab da damina Tanko ya dawo, shi kaɗai. Ya ratse ta Babankatami a hanyarsa ta Garhanga, ya nemi gidan makaɗi. Ya ce an riƙe Iro a barikin soja, an sa masa kaki, wai za a ƙara horar da shi. Manzo ya ba shi ruwa, ya bari ya sha, sannan ya yi tambayar da ta hana shi sakewa.

"Wace rana ta anka yi gudun?"

"Jajibirin Salla na, da hantsi."

Manzo ya sunkuyar da kai.

"Can ba a kiɗi," in ji Tanko. "Bindiga aka bugawa, kowa shi tashi. A Yamai, kahin a buga, sai in ga ya karkata kai, shi yi murmushi shi ce mani, ga Baba Manzo can. A Dakar ya karkata kai. Anka buga bindiga, kowa yat tahi, shi yana tsaye yana saurare. Nasara na ta ihu. Da yat tashi sun yi nisa. Ya cim ma da yawa, amma hilin ya ƙare mai."

Hawaye suka zubo wa Manzo, bai share ba. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka danne shi.

"Ya ce na manta da shi ko? Hwaɗa mani, Tanko, ba ni jin haushi."

"Bai ce haka ba, Baba. Da yaz zo wurina ko numfashi bai mayar ba, ya ce Manzo ba shi yin shiru haka nan banza." Tanko ya ajiye ƙwaryar a ƙasa. "Ya ce in na iso gida in tambaye ka, wa anka rasa?"