Sunan da Malam Hamman Bai Taɓa Kira Ba

Duk Jekadafari an san Malam Hamman mai dusa da abu biyu, jar saniyarsa da kunyarsa. Saniyar ita kaɗai ta rage daga garken mahaifinsa, bayan ciwo da ɓarayi sun gama da sauran. Kunyar kuwa tana nan cif yadda ya taho da ita daga ruga, zaman birni bai rage mata komai ba.

Safiyyatu ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba. Haka ya tarar ana yi, shi ma babansa bai taɓa kiran nasa ba. Ana yaye ta aka kai ta riƙo gidan ƙanwarsa a Dawaki, sai da ta girma ta dawo. In yana da magana da ita, sai ya dubi bango ya ce da uwarta, “A gaya wa waccan ta rufe ƙofa,” alhali waccan ɗin tana tsaye a gabansa. Wanda bai sani ba sai ya ce mutumin nan ba shi da zuciya. Ƙarya ne. Ya san takunta tun daga zaure. Ranar da ta gama jami'a, shago ya shige ya ja ƙyaure, ya yi kukansa tsakanin buhuna. Babu abin da yake marmari a duniya kamar ya zauna da ita a tabarma ɗaya su yi hira, ko ta farashin tumatir ce.

Bayan unguwar akwai kwari, wanda duk damina sai ya ci katangar wani. Safiyyatu da ƙawarta Jacinta, 'yar wani malamin makaranta ɗan ƙabilar Tangale, suka tara matasa suna dasa itatuwa a bakinsa. An sha yin irin wannan shuka a baya, a ɗauki hoto a watse, itatuwa su bushe. Su sai suka zo da tasu dabarar. Kowane dashe a ba wani gida amanarsa, a rataya masa sunan wanda mai gidan yake ƙauna. Wa zai bar uwarsa ta mutu da ƙishirwa a bakin kwari?

Abin ya kama, sai dai layi ɗaya ya ƙi ci gaba, wanda ke bayan gidan Malam Hamman. Kullum da safe yakan kwance saniyarsa ta gangara kwari, don a ganinsa ɗaure saniya wuni guda zalunci ne. Ita kuwa ba ta san wata amana ba, ganye ɗanye ta gani. Shi bai taɓa bin ta ya duba ba.

Wata la'asar Jacinta ta same shi a shago. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta miƙe ta saki baki, don ita ba a haife ta da wannan takunkumin ba.

“Baba, saniyarka ce ke cinye mana dashe.”

“Tawa?”

“Taka. Kowa ya sani, kai kaɗai ne ba ka sani ba. Safiyyatu ta hana a faɗa maka. Ita ke sayo wasu ta maye, a mitin kuma ta ce laifinta ne, ba ta yi shinge da kyau ba. Jiya yara suka ce shugabar da ta kasa da gidansu ba za ta koya wa kowa amana ba. Ga shi sati mai zuwa za ta tafi hidimar ƙasa Ebonyi.”

Malam Hamman ya ci gaba da auna dusar da babu mai saye. Ashe yarinyar ta gaji kunyar, har ta fi shi. Shi yana ɓoye sonta, ita tana ɓoye laifinsa, gida ɗaya, kowa na kallon bango.

Ya gwada ɗaure saniyar. Ta wuni tana kuka tana jan igiya, ta ƙi dusa, shi ma ya ƙi tuwo. Ranar kasuwa sai ga a-kori-kura a ƙofar gida. Zai kai ta rugar ƙanensa can wajen Dukku. Ya shafa wuyanta, ya yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, irin maganar da bai taɓa yi wa ɗan mutum ba. Da ya dawo, turken na nan da guntun igiya, gidan ba warin kashin shanu, ba kukan safe. Ya ji kamar ranar aka binne mahaifinsa.

Ana jibi Safiyyatu za ta tafi, matasa suka sake dasa layin. Ba wanda ya gayyace shi, sai ganinsa suka yi da fartanya. Ya ɗauki dashen tsamiya, ya haƙa rami, ya danne ƙasa da tafin hannu. Jacinta ta matso da ɗan allon gwangwani da fenti.

“Baba, wane suna za a sa?”

Safiyyatu ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Sunan ya taso masa har maƙogwaro, ya tsaya nan kamar ƙayar kifi.

“A bar shi haka,” ya ce.

Aka rataya allon ba rubutu. Ranar tafiya Safiyyatu ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa, ya ce da labule, “Allah ya kiyaye hanya.” Shi ke nan. Ya saurari takunta har ya fita zaure.

Rani ya shigo da zafin Gombe da ba ya jin magiya. Famfo ya ɗauke, 'yan garuwa suka tsuga kuɗi, amma tsamiyar nan ba ta taɓa kwana da ƙishi ba. Ruwan alwalarsa a kwano yake tarawa. Lokacin da ya saba kwance saniya, yanzu shi ne lokacin da yake gangarawa da jarka. Ya yi mata shingen ƙaya, ya kori awakin maƙwabta da masifar da ba a san yana da ita ba. Kuma da yake bakin kwari ba kowa da hantsi, sai ya fara yi mata hira. Ya ba ta labarin ruga, da na saniyar da aka ce ta haihu, da yadda gwiwarsa ke damunsa. Itace ba ya sa mutum jin kunya.

Wata safiya ya tarar tsamiyar ta yi sabon toho, jajaye-jajaye. Ya tsuguna, ya zuba ruwan a hankali don kada ya tone saiwa.

“Kin ga yadda kika yi kyau,” ya ce. “Sha, Safiyyatu. Sha, 'yata. Gidan ba daɗi da ba kya nan.”

Bai ji zuwan Jacinta ba. Tana tsaye bayansa, ta ɗaga waya ana kiran bidiyo, tana zagawa da ita layi-layi don mai hidimar ƙasa ta ga yadda itatuwanta suka yi. Da ya waiwaya, ta sa hannu ta rufe baki, ba ta san ko ta gudu ko ta tsaya ba. A fuskar wayar ga wata cikin farar riga da hular kaki, hawaye na bin kumatunta.

“Na'am, Baba,” in ji wayar.

Malam Hamman ya juya ya dubi kwari. Bai tashi ba, bai kuma ce a kashe ba. Can ya gyara murya, ya ce da tsamiyar, “Ana samun tumatir a can?”