Gonar Kwano Huɗu

Adawiyya ta ajiye wayar aiki a gabana, ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Kamilu, wa ya duba bayanin lissafin feshi?"

"Ni ne. Shekaranjiya."

"Maki nawa ka ba shi?"

"Biyar."

Wata uku ke nan ina wannan aikin a wani shago bayan tashar Gaya, kuma tun da na bar makaranta ban taɓa daɗewa haka a wuri ɗaya ba. Wani kamfani ne ya yi manhajar da manoma ke aika wa saƙon murya ta ba su amsa. Tana da kayan aiki: na duba ruwan sama, na farashin kasuwa, na lissafin magani. Ba ta ganin cikinsu. Ɗan bayanin da aka rubuta a kan kowanne kawai take karantawa, ta san wanda za ta ɗauka da abin da za ta zuba masa. Mu namu shi ne mu karanta bayanin, mu ce ko ya fito fili, daga ɗaya zuwa biyar. Adawiyya ce shugabarmu.

"Karanta shi in ji," in ji ta.

Na karanta: "Yana lissafa yawan maganin ciyawa. A saka girman gona da lamba."

"Lambar me? Eka? Hekta? Taku?"

A ranar nan, bayani arba'in na duba cikin awa guda, don ana jirana a filin ƙwallo.

"To saurari wannan. Jiya da yamma ya shigo."

Tun daga sallamar na gane muryar. Kawu Bubayero ne, yayan mahaifiyata, wanda ya sayar da ragowar shanunsa bara ya kama noma a gefen Ajingi. Ni da hannuna na sa masa manhajar. Yana cewa ciyawa ta kama masa gyaɗa, gonar ta kwano huɗu ce, magani nawa zai fesa?

Kowa a nan ya san nufinsa: gonar da ke cin iri kwano huɗu, ko rabin eka ba ta kai ba. Manhajar ta ɗauki huɗun ta zuba a gurbin lamba, kayan aikin ya lissafa hekta huɗu. Aka ce masa lita huɗu.

"An rufe kayan aikin yanzu," in ji Adawiyya, "amma amsar ta riga ta tafi. Na kira lambar sau shida, ba sabis."

Na dubi agogo. Tara saura. Raɓa na ɗaukewa mutane ke fara feshi.

Mashin ɗin Bala mai faci na ɗauka, yana ta magana a bayana ban tsaya ji ba. An yi ruwa da asuba, hanyar duk santsi. Sau biyu ƙafar baya ta zame. Ina tafe ina lissafi: wataƙila bai samu aron injin feshi ba, wataƙila mai shagon magani ya tambaye shi girman gonar. Gyaɗar nan ita ce nomansa na farko da ya tsaya da kyau.

A ƙofar gida na tarar da matarsa, Inna Hanne.

"Ya tafi tun ɗazu da injin a baya. Lafiya kake haki haka?"

Na bar mashin ɗin a nan na yanki gonaki da gudu.

Na hango shi tsakiyar kunyoyi, yana tafiya a hankali, hannunsa na hagu yana buga famfo. A gindin wani marke ga kwalaben magani huɗu, biyu ba komai a ciki.

"Kawu, tsaya. Don Allah saki famfon."

Ya juyo. "A'a, ɗan waya. Yau an tuna da ƙauye?"

"Kwalba nawa ke cikin tankin nan?"

"Biyu. In ya ƙare in zuba sauran. Ai abar taku ce ta faɗa."

"Ko rubu'in kwalba ya yi wa gonar nan yawa."

Ya sauke injin a hankali. Muka ƙirga inda ya taka: kunya bakwai, cikin talatin da wani abu. Ganyen yana ta ƙyalli, warin yana hawa kai.

"Shekara arba'in ina ba shanu magani," in ji shi, "ban taɓa ɗura wa saniya ba sai na dubi girmanta. Ita ba ta tambayi kwanon me nake nufi ba?"

"Ba a rubuta mata ta tambaya ba."

"Wa ya kamata ya lura?"

Na kalli ƙasa. "Ni, Kawu. Ni na duba na ce ya yi."

Ya miƙo min jarka, ya ɗauki ɗaya, muka nufi kududdufi. Har azahar muna jido muna wanke ganye, kafaɗata ta saɓule. Da la'asar kunyoyi bakwai ɗin suka fara lanƙwasa, bakin ganyen ya ƙone. Sauran gonar na tsaye kore shar.

Kawu ya zauna ya cire takalmansa yana kakkaɓe laka.

"Waɗannan bakwai ɗin na Hanne ne. Da su ta yi niyyar ƙuli da mai bana. Ni ba zan gaya mata ba."

Na ɗauki jarkokin biyu na kama hanyar gida, wurin Inna Hanne.