Hotuna a Gwangwanin Biskit

Tela ya zazzage gwangwanin biskit ɗin a kan gadon asibiti, hotuna suka watsu bisa bargon yayarsa. Su biyu kaɗai suka rage cikin 'ya'yan gidansu, kuma jiya likita ya ja shi gefe ya ce duk mai son ganinta ya zo yanzu.

"Yaya, 'yata ce ta matsa min. Wai in rubuta sunan kowa a bayan hotonsa, kafin..."

"Kafin in mutu. Faɗa mana, Auta, bakinka ba zai ƙone ba. Miƙo min tabarau."

Ta shiga ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana rubutawa. Ga kawunsu mai gyaran agogo, wanda bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Ga gwaggonsu da ta rufe fuska da hannu don haƙorinta ya fita. Suka yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Can ta ci karo da wani ƙaramin hoto da gefensa ya cinye. Mahaifiyarsu ce zaune a ƙofar tsohon gidansu, rabin taga a bayanta. Tela yana ɗan shekara bakwai suka tashi daga gidan. Abin da ya rage masa bai wuce sanyin simintin tsakar gida a tafin ƙafa ba, da muryar Inna tana kiransa daga wani ɗaki da ya kasa tuna inda yake.

"Ka leƙa unguwar kuwa?" in ji ta.

Ya je watan jiya. Gidan mai ya tarar a wurin. Ya daɗe tsaye kusa da famfon mai yana neman inda ƙofarsu take, har wani direba ya danna masa hon.

"Yana nan, Yaya. Har fenti suka yi masa."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Har yanzu in za ka yi ƙarya sai ka sosa kunne. Shekara uku ke nan da rushe shi. Na je da ƙafata, na rasa ta yadda zan gaya maka."

Tela ya sunkuyar da kai.

"Ɗauko takardar maganin nan, juya bayanta," ta ce. "Zana ƙofa a nan. In ka shiga, ɗakin Baba na hannun dama. A'a, ka matse na Inna! Kai da kake tela ba ka san awo ba? A nan aka haife ka, ƙarƙashin tagar nan."

Ya faɗaɗa ɗakin.

Nas ta leƙo ta ce lokacin ziyara ya ƙare. Yaya ko ɗago kai ba ta yi ba.

"'Yar nan, yi haƙuri," ta ce. "Saura kicin da bayan gida."