Ranar da Aka Buɗe Garejin Merv

Kafin Noelene ta kai ƙaramar ƙofar gareji, rurin injin ya riga ya danne ihun mijinta. Ta banka ƙofar da kafaɗa, wuƙar yanka burodi tana hannunta. Hayaƙin taya ya turnuƙe ko'ina. Tsohuwar motar nan ƙirar 1932, wadda mijin nata Merv ya shekara huɗu yana haɗawa ƙusa bayan ƙusa, ta matse shi da teburin aiki, ƙarfen gabanta ya nutse a cinyoyinsa. Tayoyin baya sai juyawa suke a kan siminti mai maiƙo, suna neman inda za su kama. Da sun kama, sai dai wani ba shi ba.

Kallo ɗaya ta gane abin da ya faru, don ta sha yi masa faɗa a kai. Motar ba ta da makulli tukuna. Duk sanda ya ɗaura wani sabon abu a jikin injin, sai ya tsaya a gabanta, ya miƙa hannu ya haɗa wutar kik da sukudireba, ta tashi. Yau dainamo da fanbel ya ɗaura, yana so ya ga ko bel ɗin na tafiya daidai. Abin da ya manta shi ne, jiya da hannunsa ya bar ta a giya, saboda daɓen garejin gangare ne, birkin hannu kuwa yana can cikin kwali.

Ta laluba gefen sitiyari, ba abin murɗawa, sai wayoyi tsirara. Merv ya nuna mata da haɓa wata baƙar waya mai kauri a saman injin. Ta damƙa ta fizge. Wuta ta ja ta har kafaɗa, haƙoranta suka haɗu, injin ya yi tari biyu ya mutu.

"Sannu, tsohuwa," in ji Merv, muryarsa kamar ta fito daga rijiya. "Ashe kin iya lantarki."

"Rufe min baki, tsohon banza. Kana jin ƙafafunka?"

Ya ce yana jin su, fiye ma da yadda yake so.

Ta haye kujera ta taka kuloci, ta mayar da giya furi, ta sauko ta sa kafaɗa ta tura. Ko gezau. Gangaren ya ɗora nauyin motar gaba ɗaya a kansa, ita kuma shekararta hamsin da tara, ga ciwon ƙugu. Tana cikin turawa ta ji wani sauti: ɗis, cuu, ɗis, cuu. Motar ba ta da tanki, galan Merv yake ratayewa a ƙarfen rufi ya jawo tiyo zuwa kabureta. Tiyon ya cire, fetur na zuba a kan salansar da ta yi jawur.

Tun safe rediyo ke nanatawa an hana hura wuta a waje a faɗin jihar saboda gobarar daji. Iskar arewa na busowa kamar daga bakin tanda, ciyawa daga nan har garin Castlemaine ta bushe ƙamas.

Wutar ta kama ba hayaniya, shuɗiya, ta bi gefen injin tana rarrafe zuwa gaba. Tukunyar kashe gobara tana ƙarƙashin teburin, bayan ƙafafun Merv, inda hannu ba ya kaiwa.

Noelene ta ruga babbar ƙofa. Shekara huɗu ba a taɓa buɗe ta ba, ko a zafin Fabrairu irin na yau. Kullum Merv cewa yake ƙura na ɓata fenti. Tana ɗaga sakata ya kira sunanta, da wata murya da ba ta san shi da ita ba.

"Kar ki fitar da motar waje, Noelene. Ana hango nan daga titi."

"A hango mana. Rago nake gasawa, ba miji ba."

Tana ture ƙofar iska ta shigo, wutar ta miƙe tsaye ta koma ja. Ta yi gudu zuwa a-kori-kurarsu, makulli ya suɓuce mata sau biyu kafin ya shiga. Ta dawo da baya har bakin gareji, ta jawo sarƙar jan itace, ta kwanta rub da ciki ta zagaya ta a ƙarfen tayoyin bayan motar Merv. Daga ƙarƙashi tana hango takalman Merv, ba sa taɓa ƙasa sosai. Ya daina magana. Wannan shirun ya fi komai tayar mata da hankali, don tun da ta aure shi bai taɓa rasa abin cewa ba.

Ta ja. Sarƙar ta miƙe, motar ta biyo ta tana ci da wuta, kamar an ɗauro murhu. A madubi ta ga Merv ya sulale ƙasa. Zuciyarta ta ce ta tsaya ta koma, amma taku goma a gaba ciyawa ce, bayan ciyawar gidan maƙwabtansu Haddow da tumakinsu, bayansu gari. Ta karya sitiyari ta tsayar da motar a tsakiyar tsakuwa. Ta zaro bargon ulu da kowane gida ke ajiyewa bayan kujerar mota saboda irin wannan rana, ta lulluɓe injin, ta danne da jikinta har ta ji gashin hannunta na ƙauri. Wani tartsatsi ya tsallake ya sauka a bakin ciyawa. Ta bi shi da silifas ta tattake, ta dawo ta yi ta watsa yashi da shebur har hayaƙin ya koma fari.

Da wuyan riga ta jawo Merv zuwa inuwa. Wandonsa ya jiƙe da jini, amma da ta cire masa takalma ta ce ya motsa yatsu, suka motsa, duka goma. Sai a nan kuka ya zo mata. Ta zage shi, ta zagi sukudireba, ta rantse gobe motar za ta koma bola.

Shi kuwa ko ƙafafunsa bai duba ba. Titi yake kallo.

Ƙura ce ta taso, wata tsohuwar babbar mota mai tankin ruwa a baya ta karyo ta hanyar gidansu. Wani dogon mutum mai furfura ya sauko, ba ɗan yankin ba ne, don Noelene ta san kowa. Ya ce wucewa yake ya hango hayaƙi. Ta ce ya zo a daidai, ya kama mata su sa mijinta a mota, asibiti za su.

Kamar bai ji ba. Ya zagaya motar Merv a hankali, ya tsaya a gindin gilashin gaba, inda wuta ta ɗaye jan fentin Merv. A ƙarƙashi kore ne, da wani karkataccen layin walda. Ya shafa shi da babban yatsa.

"Ni na yi waldar nan," ya ce. "Motar wana ce. Da ita ya fita daga gida shekara goma sha ɗaya ke nan, daga shi har ita ba a sake gani ba."

Noelene ta juya ta dubi mijinta. Ita dai ce mata ya yi a kasuwar tsofaffin kayan mota ta garin Bendigo ya saya. Merv ya rufe ido.

Mutumin ya tsuguna, ya zura hannuwa a hammatarsa ya ɗaga shi cak.

"Ni zan tuƙa, aboki," ya ce. "Hanya da nisa. Sai ka faɗa min inda ka tono ta."