Idon Baba Gidaɗo

Murja ta riga ta gano abin da ke damun keken ɗinkin Hajiya Zainaba tun kafin ta gama kwance murfinsa. Sandar allura ce ta zame, shi ya sa yake tsallake ɗinki. Duk da haka ta goge hannunta da tsumma, ta yafa mayafi, ta rataya jakar kayan aiki, ta ce bari ta je ta shaida wa maigidanta, Baba Gidaɗo, ta ji abin da zai ce. Hajiya na bakin ƙofar ɗaki tana fifita. Ta ce ta hanzarta, kayan bikin mutane ne jibge a kanta, kuma ta faɗa wa tsohon nan ya daina aiko mata 'yar aike shi yana can yana shan inuwa.

Shagon Baba Gidaɗo na jikin katangar gidansa a unguwar Gawon Nama, yana kallon ƙofar gidan su Murja. Hantsi ya ɗaga, kwanon rumfar ya fara ƙara saboda zafi. Ta tarar da shi a inda ta bar shi, zaune a benci ya jingina da bango, hularsa ta ɗan karkace, ƙaramar rediyonsa na ta surutu. Kan wani keke na gabansa, hannunsa ɗaya a kan wilin.

"Baba, barci da hantsi? Bari Inna ta gan ka."

Bai amsa ba. Ta matso tana murmushi, tana jiran ya buɗe ido ɗaya ya kira ta da sunan da yake tsokanarta da shi, Injiniyar cikin gida. Sai ta ga idon a buɗe yake. Wani ƙuda ya sauka a gefen fatar idon, yana tafiya a hankali, Baba bai ƙifta ba.

Ta tsaya. Ta taɓa bayan hannunsa, da sauran ɗumi. Ta ɗan girgiza shi, sai hannun ya zame daga wilin ya faɗi a cinyarsa, wilin ya juya kaɗan ya tsaya.

Dodo mai faci, wanda rumfarsa ke maƙwabtaka da shagon, shi ta fara kira. Ya zo da hannu duk baƙin taya, ya durƙusa ya kara kunnensa a ƙirjin tsohon, ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya cire hularsa ya mayar, ya fara salati. Murja ta ce masa ba haka ba ne, ya sake dubawa, yanzu-yanzu fa Baba ya ce ta sayo masa ƙosai in za ta dawo. Dodo ya tashi tsaye. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Daga nan komai ya tafi da gudu. Maza suka ɗauke shi zuwa cikin gida. Mai kemis na bakin titi ya zo ya duba ya girgiza kai. Inna Atika, matarsa, tana tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu tana tambayar mutane me ya sa suka kwantar da shi a ɗaki da rana. Aka kira ɗansa Sharifuddeen daga wurin aikinsa a Kalambaina. Ana sallame azahar aka yi masa salla a ƙofar gida, aka ɗauke shi. Mutumin da ya sha kununsa da safe, la'asar ta same shi a ƙarƙashin ƙasa. Sai da maza suka dawo daga maƙabarta Murja ta lura jakar kayan aikin na rataye a kafaɗarta har lokacin.

Kafin ta kama wannan sana'a babu ƙofar da ba ta buga ba. Ta bar makaranta a aji uku na ƙaramar sakandare, shekarar da ciwon mahaifinsu ya cinye abin da ke gidan. Ta yi aure, auren bai yi ƙarko ba, ta dawo gaban yayanta Auwalu. Ta nemi tsaron kanti, aka ce ina takarda. Ta nemi renon yara a wata makarantar kuɗi, aka ce ina takarda. Har sharar wani ofis sai da aka tambaye ta shaidar gama sakandare, ta ce wa mai ɗaukar aikin ba ta san tsintsiya na jin Turanci ba, ta juyo ta bar shi nan.

Baba Gidaɗo ne ya kira ta wata safiya. Shi ma bai taɓa zama a aji ba. Daga ƙauye ya shigo birni yana saurayi, ya koyi gyaran keken ɗinki a tsohuwar kasuwa, ya rayu a kai har furfura. Ya ce mata rabin kekunan unguwar nan a ɗakunan matan aure suke, inda namiji ba ya shiga. Sai an kwance kan keke an ɗora wa wata ta kai masa, a hanya a ɓatar da sukuru, a dawo a ɗaura a karkace. Idan za ta jure baƙin mai da surutun mutane, zai koya mata, ta riƙa shiga inda ba ya iya shiga. Auwalu ya yarda ne kawai don ba ya iya musa wa tsohon da ya ɗauke shi a kafaɗa yana yaro.

Ta jure. An kira ta bakanikiya, an ce hannunta ya fi na mai gawayi, an ce babu mijin da zai ci tuwon da aka tuƙa da wannan hannu. Ta koyi sauraron keke kafin ta taɓa shi, ta koyi daidaita allura da gidan kwarkwaro, ta koyi gane haƙoran da suka cinye. Sana'ar ta zauna mata kamar don ita aka yi ta.

Sai idon Baba ya fara mutuwa. Da fari ramin allura ya daina gani, daga baya ƙananan sukurori, daga baya fuskar mutum sai ya yi magana. Ranar da ya gane ta gane, ya kama bakin mayafinta ya ce ta rufa masa asiri, mai gyaran da ba ya gani sunansa tsohon banza. Tun daga ranar duk wani aiki mai wuya ita ke yi, da ƙofar shago a saye. Idan kuma tana cikin gidan mutane, ko ta gano ciwon keke sai ta taso ta zo ta durƙusa gabansa a idon jama'a, ta faɗa masa a hankali, shi kuma ya maimaita da ƙarfi yana nuna ta da yatsa. Unguwa ta riƙa cewa tsoho ya san aiki, daga zaune yake gyara keken da bai gani ba. Ya sha yi mata alkawarin yaye, ya tara mutane ya sa mata albarka ya ce ta isa ta tsaya da ƙafarta. Bayan azumi, in ji shi. Bayan layya. In ruwa ya ɗauke. Ba ta taɓa matsa masa ba, don ta san ranar da ya yaye ta, ranar zai rasa idonsa na biyu.

Da yammacin ranar jana'izar ta kai wa Sharifuddeen jakar. Ya karɓa yana sunkuyar da kai, ya ce ta yi haƙuri, malamai sun ce kada a taɓa ko allura sai an raba gado, akwai ƙannensa ƙanana a cikin magada. Kekunan mutane da ke cikin shagon za a mayar wa masu su. Ta ce ta sani, shi ya sa ta kawo. Tana tsaye ya ja ƙofar shagon ya sa kwado.

A gida Auwalu ya jira ta idar da magariba sannan ya yi magana. Ya ce abin da ya faru ya girgiza kowa, amma gaskiya ɗaya ce. Da can ana cewa yarinyar Baba Gidaɗo ce ke shiga gidaje, yanzu za a ce ƙanwar Auwalu ce ke yawo. Ba ta da takarda, ba a yaye ta ba, ba ta da ko filaya tata ta kanta. Ta zauna, ba zai gaza ciyar da ita ba.

"Yaya, ban roƙe ka tuwo ba. Zaure nika so."

Ya ce zaure wurin kwanan babur ɗinsa ne, ba rumfar kasuwa ba. Ya shige ɗaki.

Ranar sadakar uku tsakar gidan Inna Atika ta cika da mata. Inna na zaune a tabarma cikin lulluɓin takaba, Murja na gefenta tana miƙa wa baƙi ruwa. Can Hajiya Zainaba ta shigo da ƙamshin turarenta, ta yi gaisuwa, ta share hawaye, ta ba da labarin yadda yarinya ta fita daga gidanta za ta yi tambaya ashe mutuwa za ta tarar. Sannan ta juyo ga Murja.

"Allah sarki, an rasa inuwa. Kekena na aika kasuwa an gyara, kada ki ji haushi, aikin na manya na. Ki zaka gidana ki riƙa yi min guga, ba ki rasa na sabulu."

"Na gode, Hajiya. Ina da sana'a."

"Wace sana'a, ɗiyata? Wa yay yaye ki?"

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka zuba wa Murja ido. Inna Atika ta gyara zama ta buɗe baki. Ita ce ke sa wa tsohon takalmi a daidai ƙafarsa kowace safiya, ita ke gaya masa launin rigar da ya saka, babu abin da ba ta sani ba. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta mayar wa Murja da kowane gida a unguwar. Murja ta sa hannu a ƙarƙashin lulluɓin ta danne mata ƙafa. Inna ta dube ta. Murja ta girgiza kai kaɗan, ta ɗauki kofi ta miƙa wa Hajiya ruwa da hannu biyu.

Sai da mata suka ragu Inna ta jawo ta cikin ɗaki. Rigar Baba na rataye a ƙusa, carbinsa a kan gado.

"Don mi kinka hana ni? Ni na san abin da kinka ruhe. Shi ya tahi, ke ad da sauran kwana."

"Inna, da shina da rai ba wanda yaj ji daga bakina. Yanzu da ba shi iya kare kainai za a ji? A bar shi da sunanai."

"To ke hwa? Ya ci amanarki, Murja. Na sha hwaɗa mai shi yaye ki."

"Ya koya min aiki. Wanga ba a raba shi gado."

Inna ta kama hannayen nan masu baƙin mai a ƙarƙashin farce, ta kifa fuskarta a ciki ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fitar da shi. Murja ta bar mata su har ta gaji. Ita Murja ba ta yi kuka ba. Har yanzu idan ta rufe ido ƙudan nan take gani.

Washegari ta shiga kasuwa ta sayo sukuddireba babba da ƙarama, da filaya, da kwalbar man keke. Sababbi ne, ba su san hannunta ba. Da gari ya sake wayewa ta share zaure ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarma a gefen da babur bai kai ba, ta jera kayan a kan tsumma, ta buɗe ƙofar gida har bango. Ta zauna ta miƙe bayanta.

Auwalu ya fito zai tafi aiki. Ya tsaya ya dubi tabarmar, ya dubi ƙanwarsa. Ta gaishe shi kamar kullum, ya amsa a ciki. Ya kama babur ɗin ya tura, da ya zo daidai bakin tabarmar sai ya ɗaga tayar gaba ya tsallake da ita, ya fita bai waiwayo ba.

Rana ta hau. Masu tallan fura suka wuce, Dodo ya buɗe rumfarsa ya ɗago mata hannu daga nesa. Matan unguwa biyu suka wuce, suka leƙo, suka ƙara sauri. Babu wanda ya shigo. Murja ba ta tashi ba.

Wajen hantsi wata dattijuwa ta shawo kwanar lungun, ƙafafunta fari fat da ƙura, da alama daga nesa take. Ta ɗauko kan keke a ka, naɗe cikin tsohon zane, tana tallafe da shi da hannu ɗaya. Ta tsaya a gaban shagon Baba Gidaɗo ta yi sallama. Ta sake yi. Sannan ta ga kwadon, ta tsaya tana kallonsa da kayan a kanta, gumi na bin wuyanta.

Murja ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta tsallaka lungun da hannayenta biyu a ɗage don ta sauke mata.